Allo Mai Fuska Biyu a Ɗakin Iya

Duk wanda ya san Audi mai fenti na unguwar Shadambu a Daura zai gaya maka abu ɗaya: mutumin ba shi da gindin zama. Ba lalaci ba ne, wannan ko maƙiyinsa ba zai ɗora masa ba. Hannunsa ne ke da saurin koyo, zuciyarsa kuma ke da saurin gundura. Ya yi gyaran rediyo wata bakwai, ranar da ya gane kan abin ya tattara kayan aikin ya ba wani. Ya yi facin taya a bakin tasha. Ya bi fataken awaki zuwa kasuwar Mai'adua Lahadi goma sha wani abu, ya dawo yana cewa warin bunsuru ya hana shi cin tuwo. Ya taɓa ɗinki, ya taɓa walda, har kiwon tantabaru ya taɓa, su ma da suka ga take-takensa suka tashi suka bar masa tukwane wayam. Fenti ne kawai ya daɗe a hannunsa, shi ma don kullum sabon abu ake kawo masa. Yau allon shagon aski, gobe bayan babbar mota, ya zana mata zaki baki buɗe har direban ya ja da baya.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jihar, mahaifinsa Malam Kabo, dattijo mai awon hatsi a kasuwa, ya dawo daga wajen wa'azi wata Juma'a bai ko cire takalmi ba ya shiga ɗaki ɗaki yana sauke hotuna. Babu hukumar da ta sa shi. Ya ji an ce mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da aka rataye hoton mai rai, shi kuma mutum ne da in ya ji magana sau ɗaya ta zauna. Kalanda, hoton sallah, hoton auren Audi da matarsa Haulatu, duk suka tafi murhu. Ya kira Audi ya ce daga yau kada ya ƙara zana abin da ke numfashi. Audi ya ce to. Zakunan bayan motoci suka koma dabino da masallatai da furanni, yana yi yana tsaki.

Audi yana da wa guda ɗaya, Ya'u, shi ne ɗan farin mahaifiyarsu Iya. Iya kuwa mace ce ta da, ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta gada. Ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "wancan" ko "yayanku". Ana yaye shi aka kai shi wajen kakarsa a Dutsi, bai dawo Daura ba sai da gemu ya fara tsiro masa. In ya zo gaishe ta, a bakin ƙofa yake durƙusawa, kai a ƙasa, ita kuma ta juya fuska ga bango ta amsa da kalma biyu. Audi ne ke hawa gadonta, ya ci a kwanonta, ya yi mata gardama. Ya'u bai taɓa samun ko ɗaya daga cikin wannan ba, bai kuma taɓa nuna ya damu ba.

Shekara uku bayan ƙona hotunan, da damina, Ya'u ya ɗauko fasinja a babur daga Mai'adua, wata babbar mota ta ture su. Fasinjan ya tashi, Ya'u bai tashi ba. Aka yi zaman makoki, Iya tana karɓar gaisuwa ido a bushe, mata na yaba haƙurinta. Kai, mutane! Wa ya gaya musu haƙuri ne? Ita dai ba ta san yadda ake yi wa ɗan fari kuka a gaban jama'a ba.

Bayan shekara guda yanar ido ta fara rufe mata gani. Wata rana suna tsintar wake da Haulatu, ba tare da ta ɗago ba ta ce, "Kin san fuskar yayan mijinki ta fara ɓace mini? In na nemo ta sai in ga hazo. Ga idon ma yana tafiya."

Haulatu ta kai wa mijinta maganar yadda ta ji ta. Audi ya kasa zaune ya kasa tsaye. Hoton Ya'u ɗaya ne ya rage a duniya, ɗan mitsitsi, a jikin katin ƙungiyar 'yan acaɓa da aka ciro daga aljihunsa. Ya ɗauka ya kai wa Iya a tsakar gida, ga Haulatu ga maƙwabciya. Iya ta ture hannunsa kamar ya miƙo mata garwashi.

"Kai wane irin yaro ne? Ɗauke mini wannan. In Malam ya gani fa?"

Ya koma shagonsa ransa a jagule. Ko da ta karɓa, me idonta zai gani a hoton da bai kai kan babban yatsa ba? In ya zana babba ya rataye, Malam zai kai shi murhu kafin fenti ya bushe. In ma Malam ya ƙyale, Iya ba za ta yarda a gan ta tana kallon ɗan farinta ba. Abin ya yi ta cin ransa wata biyu, ya ɓata allon mai shayi, ya rubuta wa mai kemis lambar waya ba daidai ba.

Da alhazai suka dawo, maƙwabciyarsu Hajiya Zinariya ta aiko da tsaraba: dabino, zamzam, bagaruwa, da wani ɗan kati na roba. In ka riƙe shi ka ga Ka'aba, in ka ɗan karkata shi sai ta ɓace masallacin Madina ya fito. Kowa ya juya shi sau biyu ya ce ikon Allah ya ajiye. Audi ya wuni da shi. Ya goga farce a kai ya ji tudu da kwari sirara, kamar kwanon rufi da aka ƙanƙanta. Kafin la'asar ya sa reza ya ɓare robar, Haulatu na salati. A ƙarƙashi ya tarar da hotunan biyu an yanka su siri-siri an jera, ɗaya na wannan, ɗaya na wancan. Tudun ne ke ɓoye rabi ya nuna rabi, gwargwadon inda mutum ya tsaya. Ya miƙe zumbur, har ya zubar da zamzam ɗin.

Ɗakin Iya ya fi kowa sani. Malam ba ya wuce bakin ƙofa, nan yake tsayawa ya ɗaga asabari ya yi sallama ya faɗi abin da ya kawo shi ya juya, haka suke tun Audi bai yi wayo ba. Iya kuma tabarmarta na can ƙuryar ɗaki. Bangon da ke tsakaninsu babu mai tsayuwa a gabansa, don nan randa take da jeren kwanuka. In aka kafa allo a bangon nan, mai tsayuwa a ƙofa zai ga gefe ɗaya, mai zama a tabarma zai ga ɗaya gefen.

Ya fara da kwali. Ya nannaɗe shi hawa da sauka, ya zana akuya da tunkiya don gwaji, ya yanka su da almakashi, ya manna da gam. Ya yi aiki! Ya dinga zirga-zirga daga wannan bango zuwa wancan yana dariya shi kaɗai, masu wucewa suna leƙe suna girgiza kai. Amma kwali ba ya jimiri, kwana huɗu ya lanƙwashe. Ya gwada gutsuren kwanon rufi, tudunsa ya yi zagaye da yawa, akuyar ta fito kamar ana kallonta a cikin ruwan randa. Ya jefar da shi bayan shago. Daga ƙarshe ya je wajen kafinta ya sa aka tsaga masa sandunan katako masu kusurwa uku, guda arba'in da biyu, kowace tsawon kamu biyu, ya goge su da samfefa har fatar yatsunsa ta saɓule.

Sannan aka zo kan fuska. Ya ja layuka a kan ɗan hoton da tsinin fensir, gida gida, ya ja irinsu manya a babbar takarda, ya dinga kwashe abin da ke ƙaramin gida yana zubawa a babba. Ya yanka takardar gida arba'in da biyu, ya ba kowace lamba, ya kwafa ta a gefen hagu na sandarta. A gefen dama ya zana darbejiya mai yalwar ganye. Sau ɗaya lambobin suka rikice masa, da ya jera ya koma gefe ya duba sai ga Ya'u da kunne uku. Ya yi dariya, dariyar ta juye masa kuka, ya zauna a kan galan ɗin fenti har ta wuce.

Wata uku ya yi a kan abu ɗaya. Haulatu ta ce tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ganin haka ba, har ta fara tunanin ko a nemo masa rubutu.

Ranar da ya gama, ya bari Malam ya tafi kasuwa, ya kafa allon da ƙusa huɗu. Iya na can wajen igiya tana shanya. Da Malam ya dawo ya ɗaga asabari ya ga bishiya kore shar, ya gyaɗa kai.

"Madalla. Ka ga abin da ake cewa zane ke nan. Ka fara hankali, Audi."

Yabon ya soki Audi fiye da zagi. Bai taɓa yi wa mahaifinsa rufa-rufa irin wannan ba, ya kuma san hakan ne. Ya ce, "Na gode, Baba," ya sulale.

Ya laɓe ta taga yana jiran Iya. Ta shigo, ta zauna a tabarmarta, ta jawo carbi, ta ɗaga kai. Ya ga ta zabura. Ta juya fuska ga bango da sauri, ta daɗe a haka, sannan ta tashi ta naɗe tabarmar ta dawo da ita kusa da ƙofa, inda bishiya kaɗai ake gani. Washegari ma nan ta zauna, jibi ma haka. Ta kuma daina haɗa ido da shi.

Audi ya yi kwana biyar kamar an zuba masa ƙaiƙayi a riga. Ya buɗe shago ya rufe, ya je tasha ba abin da ya kai shi, ya dawo. A rana ta shida ya same ta ita kaɗai tana gyaran zogale a faifai, ya durƙusa.

"Iya, allon bai yi ba ne?"

"Wa ka zana mini?"

"Yaya ne mana. Daga katinsa na kwafa, ko gashin gira ban rage ba."

"Wannan mai tsare mutum da ido?" Ta ci gaba da tsinke ganye. "Audi, shekara talatin da huɗu wancan bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba. Ni ma ban taɓa tsayawa a gabansa ba. Wannan da ka kafa mini baƙo ne. Ya zuba mini ido ko ƙiftawa babu, na rasa inda zan sa kaina a cikin ɗakina."

Nan Audi ya gane wautarsa. Mai hoto ne ya ce wa Ya'u ya ɗago ya dubi gilashi, shi ma ya bi mai hoto. Ya'un da ya zana na abokai ne da fasinjoji, ba wanda Iya ta haifa ba.

"To yaya kika san shi, Iya?"

Ta tsinke wani reshen zogale. Sannan ta fara, murya ƙasa-ƙasa, idonta a faifai. Ta ce in ya durƙusa hannun hagu yake dafa ƙasa da shi, don gwiwarsa ta dama ta taɓa gocewa a Dutsi. Hularsa kullum ta zame gaba ta bar ƙeya a buɗe. A bayan kunnensa na dama akwai tabo kamar ƙwayar gero biyu, ƙyanda ce ta bar masa. Wuyansa dogo ne da wata jijiya da ke tashi in yana magana, wuyan Malam sak. Wuyan rigarsa kullum a karye ta gefe ɗaya, ta sha jin kamar ta miƙa hannu ta gyara. Duk wannan a sace ta gan shi, ta wutsiyar ido lokacin da kansa ke ƙasa, ko ta tsakanin karan asabari in ya juya zai fita.

Audi ya saurara baki buɗe. Shi da suka kwana ɗaki ɗaya da Ya'u shekara shida bai san da tabon nan ba.

Ya sauke allon, ya ce wa Malam ganyen ne ke son gyara. Ya kankare fuska arba'in da biyu da reza, sanda bayan sanda. Yanzu kuma babu hoton da zai kwafa, wa ke ɗaukar hoton ƙeyar mutum? Ya ari madubi biyu wajen mai aski ya duba tasa, ya ga gajera ce mai kauri irin ta dangin Iya. Sai ya koma bin Malam masallaci. Kowace salla yana sahun bayan mahaifinsa, daidai ƙeyarsa, liman na karatu shi yana auna inda kunne ya tsaya da inda jijiya ta bi. In an sallame ya yi istigfari, ya ruga shago kafin abin ya zube masa. Malam har ya yi wa abokansa albishir cewa yaron nan ya kama jam'i.

Aikin ya ƙi. Ya zana sau huɗu, sau huɗu yana fitowa Malam Kabo a durƙushe. Ga idon Iya kullum ƙara rufewa yake, ran nan ta kira Haulatu da sunan Hajiya Zinariya, tsakaninsu bai fi taku biyar ba. Tsohon ciwon Audi ya motsa. Wani abokinsa Amadu ya ce akwai aikin fentin shaguna a Damagaram, mota za ta tashi da hantsi. Audi ya cusa riga biyu da burushi a jaka, bai gaya wa kowa ba, ya tafi tasha. Ya shiga motar, ya samu gefen taga, har ya ji sanyin nan da yake ji duk lokacin da zai bar abu a baya. Gabansa wani saurayi ya sunkuya yana ɗaure igiyar buhu, hularsa ta zame gaba. Audi ya ƙura wa ƙeyar ido. Ashe abin da ya kasa kamawa ke nan: wuyan tsoho a sunkuye nauyi ne ke jan sa, na saurayi kuwa shi ne ke riƙe da kansa, ladabi ne ya sauke shi. Ya ce a buɗe masa ƙofa. Amadu na kira, bai waiwaya ba.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a kai. Ya yi zanen da manyan layuka da launi mai ƙarfi yadda ido mai yana zai kama, farar riga, baƙar ƙeya, jar hula. Tabon bayan kunne ya ƙara masa girma kaɗan. Fuskar tana ƙasa, gefen kumatu kawai ake gani da bakin gemu.

Ya kafa shi da hantsi, lokacin da rana ke shigowa ta taga ta faɗa kan bangon. Ya ɗauki tabarmar Iya da hannunsa ya mayar ƙurya, ya kamo ta ya zaunar. Ta ƙi ɗagowa.

"Iya, ba ya kallonki. Wallahi kansa a ƙasa yake."

Ta ɗago a hankali, ta gefe, yadda ta saba. Ta ƙanƙance ido. Sannan ta juyo gaba ɗaya, abin da Audi bai taɓa gani ba, ta fuskanci ɗanta sosai. Carbin ya zame daga hannunta. Ta daɗe tana kallo, leɓenta na motsi.

"Ka rame," ta ce. Ba da Audi take ba. "Ba ka cin abinci ne a can? Dubi wuyan rigarka."

Ta goge fuska da gefen mayafi, ta ce ba tare da ta juyo ba, "Audi, fita ka sakar mana asabari."

Ya fita ya saki. Ya tsaya a tsakar gida yana jin muryarta tana tashi tana sauka, tana ba da labarin ranar da aka ɗauke shi zuwa Dutsi, da yadda ta bi motar da ido ta bayan danga. Bai ji shigowar Malam ba sai da ya gan shi a gefensa, ya dawo ɗaukar mudun da ya manta.

"Da wa take magana?"

Audi ya nemi ƙarya ya rasa. Ya durƙusa.

"Da ɗanta, Baba. Yana jikin allon, ta wancan gefen. Ni na yi. In ka taka uku ciki za ka gan shi."

Malam Kabo ya dube shi, fuskar nan a murtuke. Ya nufi ƙofar, ya ɗaga asabari. Iya ba ta ma san an ɗaga ba, tana ta magana, tana dariya da hawaye. Tsohon ya tsaya a inda ya saba tsayuwa. Audi yana kallon ƙafarsa ta dama, ya ga ta ɗaga daga ƙasa, ta tsaya a iska, ta koma inda take. Jijiyar wuyansa ta tashi ta kwanta.

Ya saki asabarin a hankali yadda ba zai yi ƙara ba.

"Ni dai bishiya na gani," ya ce.

Ya wuce zaure ya zauna a kan dakali. Ranar bai koma kasuwa ba.